Kwamfuta za ta iya zaɓa mini girman taga da yawan fitila?

Mai_Zane_Birni: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Akwai aiki a hannuna: azuzuwa uku na wata makarantar Islamiyya a bayan garin Damagaram, wajen hanyar Mirriya. Kowane aji mita 9 ne da 7. Masu makarantar suna so yara su yi karatu da rana ba a kunna fitila ba, da dare kuma manya su zo darasi da wutar sola. Na gina ajin a Blender, manhajar zana siffar abu a kwamfuta, amma duk sanda na sauya girman taga sai kwamfuta ta kwana tana aiki kafin hoto ya fito. In ya fito ɗin ma cike yake da ɗige-ɗige, kuma ba ya gaya mini ko hasken ya isa. Na ji ana cewa akwai hanyar da kwamfuta da kanta za ta gwada tagogi iri-iri ta zaɓo wadda ta fi. Wa ya taɓa yi? Kuma ƙaramar kwamfuta irin tamu za ta ɗauka?

Injiniya_Zango: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ayyuka biyu ka haɗa wuri ɗaya. Hoton da za ka nuna wa masu makaranta daban, awon haske daban. Blender na farkon ya iya. Na biyun kuwa ba ya ma buƙatar hoto. Abin da kake son sani shi ne luks nawa ke sauka a kan teburin yaro, wato ma'aunin hasken da ke faɗa wa wuri. To ka jera ɗigon awo a cikin ajin, a tsayin tebur, wajen santimita 75 daga ƙasa, rabin mita tsakanin kowane biyu. Aji mai mita 9 da 7 zai ba ka ɗigo 252. Hoton da kake kwana kana jira ya haura ɗigo miliyan biyu in girmansa 1920 da 1080 ne. Ka ga inda lokacinka yake tafiya.

Ka nemi manhajar Radiance. Greg Ward ne ya fara rubuta ta a ɗakin bincike na Berkeley a Amurka tun shekarun 1980, kyauta ce, kuma galibin manhajojin awon hasken rana ita ce injinsu a ciki. Ba ta neman katin hoto mai tsada.

Ɗan_Garin_Malam: Ni dai DIALux nake amfani da ita, ta fi sauƙi, kyauta ce ita ma.

Injiniya_Zango: DIALux tana da kyau a lissafin fitilu. A hasken rana na shekara cur kuwa Radiance ta yi mata nisa.

Baba_Magini: Salamu alaikum yara. Jikana ne ke rubuta mini. Ban san kwamfuta ba, amma na san soro. Ku shiga tsofaffin gidajen Birni da azahar a watan zafi ku gani. Bango mai kauri, taga ƴar ƙarama can sama kusa da rufi, ciki an shafe da farar ƙasa. Rana ba ta samun hanyar faɗowa a kan mutum, sai ta bugi gefen tagar ta watsu a ɗaki. Mutum ya zauna ya yi karatun allo ba gumi. Yanzu sai a yanka taga kamar ƙofar gareji, a sa gilashi, a rufe da kwano ba silin, sannan a zo ana neman fanka. In kwamfutarku za ta koya wa masu gini rage taga, ina bayanta.

Mai_Zane_Birni: Allah ya ƙara lafiya Baba. Gaskiya ne. Damuwata kawai ita ce rubutun littafi ƙanana ne, ba kamar na allo ba, kuma yara sun fi hamsin a aji. Wanda ke can lungu ma yana buƙatar ya gani.

Baba_Magini: To ka yawaita ƙananan, kar ka yi babba ɗaya.

Malama_Lissafi: Bari in ce wani abu kan ɗige-ɗigen da ka ambata, don mutane da yawa suna zaton lalacewar kwamfuta ce. Manhajar tana harba zaren haske ne barkatai daga ido zuwa cikin ɗaki, tana bin sawun kowanne yana bugun bango yana komawa, har ya dace da taga ko fitila. James Kajiya ne ya shimfiɗa lissafin wannan a 1986. Tunda harbin na sa'a ne, amsar tana zuwa da kuskure, kuma kuskuren ba ya raguwa daidai da ƙoƙarinka. In kana son ɗige-ɗigen ya ragu da rabi, sai ka ninka zaren sau huɗu. In kana son ya koma kashi ɗaya cikin goma, sau ɗari. Ɗaki mai ƙaramar taga irin wanda Baba ya kwatanta shi ya fi ba kwamfuta wahala, domin yawancin zaren suna yawo a ciki ba su sami mafita ba. A Blender akwai abin da ake ɗorawa a bakin taga don a nuna wa injin cewa ta nan haske ke shigowa, yana rage wahalar sosai. Akwai kuma mai goge ɗige-ɗige na Intel da ke cikinta. Amma ka sani gogewar kwalliya ce ta ido, kar ka ɗauki lamba daga hoton da aka goge.

Ɗalibi_Jami'a: Malama, shi ya sa nake cewa a sayi kwamfuta mai katin hoto na Nvidia a huta.

Malama_Lissafi: Wanda ke da kuɗin ya saya. Amma dabara ta fi ƙarfe rage aiki a nan. Haske yana da wata ɗabi'a mai daɗin lissafi: in fitila biyu suna kunne, hasken da ke kan tebur shi ne na farko a tara da na biyu, ba ƙari ba ragi. In ka ninka ƙarfin fitila, abin da ke sauka a kowane ɗigo ya ninku. Saboda haka ba sai ka sake bin sawun haske a kowane gwaji ba. Ka yi shi sau ɗaya ga kowace fitila, ka ajiye amsar a jadawali, sauran aikin tarawa ne da ninkawa.

Haka ake yi wa sama ma. Peter Tregenza ya yanka sararin sama gida 145. Ana lissafa sau ɗaya yawan hasken da kowane gida ke aikowa kowane ɗigo a cikin ɗaki. Daga nan sai a ɗauko bayanan yanayi na awa 8760 na shekara a ninka. Abin da da zai ci makonni ya koma na mintoci. In ana son bin ƙwallon rana da kyau ana ƙara yanka saman zuwa gida 2305.

Injiniya_Zango: Madalla Malama. In ƙara da abu ɗaya: a Radiance akwai inda kake faɗa mata sau nawa haske zai bugi bango ya dawo kafin ta daina binsa. Lokacin da kake tace zaɓuɓɓuka da yawa ka bar shi a biyu ko uku don sauri. Waɗanda suka tsallake, ka sake gwada su da biyar ko fiye. In ka bar shi ƙasa a ɗaki mai ƙaramar taga, lungu zai fito da duhun da babu shi a zahiri, sai ka je ka faɗaɗa taga a banza. Kuma ka cire kujeru masu ado da hannun ƙofa daga samfurin. Akwati mai bango, rufi, taga da rumfa ya isa.

Ɗan_Garin_Malam: Abin ba wuya. Ka sa tagogin duka a bangon arewa, rana ba ta taɓa shiga ta arewa. Haka muka karanta.

Ƴar_Sabon_Gari: Yaya, wannan karatun Faransa ne. Damagaram tana wajen digiri 13.8 arewa da tsakiyar duniya. Rana tana tsayawa daidai bisa kanmu sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan biyun ta arewa take bi. A watan Yuni tana fitowa kusan digiri 24 arewa da gabas, ta faɗi haka a yamma, don haka bangon arewa yana shan rana safe da la'asar. Duk wanda ɗakinsa ke kallon arewa ya san wannan. Arewa da kudu dai su ne suka fi dacewa da taga, ban musa ba, domin ranarsu tana da sauƙin tarewa. A kudu, watan Disamba da tsakar rana tana tsayin digiri 53 ne, taga mai tsawon mita 1.2 tana son rumfa mai fitowar wajen santimita 90. A arewa kuma ƴan katangu na tsaye a gefen taga suka fi amfani. Gabas da yamma a toshe su in da hali.

Ɗan_Garin_Malam: Na karɓa ƙanwata. Allah ya ƙara sani.

Ƴar_Sabon_Gari: Amin. Kuma wannan ya kai ni ga abin da ya fi damuna da manhajojin nan. In ka buɗe ka danna lissafin hasken rana ba ka sauya komai ba, sau da yawa saman da za ta sa maka shi ne mai lulluɓe da gajimare, wanda aka tsara don irin yanayin Ingila. A can ana neman haske ne ido rufe, ƙa'idarsu ta cewa hasken ɗaki ya kai kashi 2 cikin 100 na hasken waje daga nan ta fito. Mu nan rana tsirara tana kai luks 100,000. In ka bar kwamfuta ta yi zaɓi a ƙarƙashin saman Ingila, kullum amsarta ita ce ƙara taga. Ka sauke fayil ɗin yanayi na Zinder, wato Damagaram, irin wanda sunansa ke ƙarewa da EPW, wanda aka haɗa daga awon tashar filin jirgi. Sannan ka gyara hasken ƙasa. Radiance tana ɗaukar ƙasa na mayar da kashi 20 ne in ba ka faɗa mata ba, alhali farin rairayi ya wuce haka. A wurinmu haske mai yawa daga ƙasa yake tasowa ya shiga taga ya bugi silin. Shi ya sa farin silin ya fi ƙarin taga amfani.

Malamar_Aji_Karkada: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba injiniya ba ce, koyarwa nake yi. Duk lissafin nan da tagogi a buɗe kuke yinsa ko a rufe? Domin a ajina, daga Disamba zuwa Fabrairu tagogin ƙarfen nan na gefen da iska ke bugowa a rufe suke. In na buɗe, kafin a tashi littafin yaro ya yi fari fat da ƙura, ƙanana kuma suna rawar sanyi da safe. In na rufe, layin baya ba sa ganin abin da na rubuta. Akwai kuma wata taga kusa da allo, da hantsi haske yana kwanciya a kan allon ya yi ƙyalli, yaran gefe guda sai sun karkata kai suna ƙanƙance ido. Na liƙa mata kwali. Don Allah ku sa wannan a kwamfutarku.

Mai_Zane_Birni: Malama, wannan bayanin ya fi mini komai amfani. Ke nan a yi haske ta wata hanya da ba a rufewa, iska kuma ta wata.

Injiniya_Zango: Daidai. Ƙananan tagogin gilashi a sama ƙarƙashin inuwar rufi don haske, na ƙarfe a ƙasa don iska. Mun dawo maganar Baba ke nan. Kuma Radiance tana da hanyar raba lissafin gida uku: daga sama zuwa taga, ratsa tagar kanta, daga taga zuwa tebur. In ka sauya taga daga buɗe zuwa rufe, na tsakiyan kawai za ka musanya. Batun allo kuma, kar a sa taga kusa da bangon allo, sannan ka fitar da hoto ɗaya daga mazaunin yaron da ke gefe. Nan ne hoto ke da amfani, domin ƙyalli daga inda ido yake ake ganinsa.

Ɗalibi_Jami'a: To har yanzu ba wanda ya amsa masa yadda kwamfuta ke zaɓe da kanta.

Malama_Lissafi: Ga shi. Kana ba ta abubuwan da aka yarda ta taɓa: faɗin taga, tsayinta daga ƙasa, zurfin rumfa, yawan tagogi. Kana kuma ba ta ma'aunin da za ta gane mai kyau da shi. Sai ta ƙirƙiro zaɓi kamar hamsin barkatai, ta auna kowanne, ta ajiye waɗanda suka fi, ta gauraya siffofinsu ta fitar da sababbi, ta sake aunawa. Kamar yadda manomi ke ware zangarniyar hatsi mafi kyau ya ajiye iri, shekara bayan shekara. A Grasshopper, wani sashe na manhajar zane ta Rhino, akwai Galapagos da ke yin haka, Ladybug da Honeybee kuma su haɗa shi da Radiance. Su kyauta ne, Rhino ce ta kuɗi. Wanda ya iya Python, yaren rubuta manhaja, zai iya yi ba Rhino.

Ma'aunin shi ne wurin da ake faɗuwa. In ka ce "mafi yawan haske", za ta cire maka bango. Akwai ma'aunin da Nabil da Mardaljevic suka kawo a 2005: a ƙirga awannin da haske ke tsakanin luks 100 da 2000, abin da ya gaza duhu ne, abin da ya wuce ƙyalli ne da zafi. Wannan ya fi dacewa da mu. Ka taƙaita shi ga awannin da yara ke aji, ka kuma ci tarar duk zaɓin da ya bar rana tsirara ta sauka a kan tebur.

Bakano_a_Damagaram: Ku duba aikin Francis Kéré a Gando ta Burkina Faso. A ɗakin karatun da ya tsara, tukwanen ƙasa aka yanka aka dasa a rufi, haske na zubowa ta bakinsu. Mutumin ya ci kyautar Pritzker ta masu zanen gini a 2022. Mu da muke da masu ginin tukwane a Mirriya me ya hana?

Baba_Magini: Ruwan Agusta fa? Duk ramin da ka huda a rufi sai ka san yadda za ka kare shi.

Bakano_a_Damagaram: Akwai wani rufin a samansa Baba, ba a buɗe suke ga ruwa ba.

Ƴar_Sabon_Gari: Ba sai mun je Burkina ba ma. Mariam Issoufou ƴar ƙasarmu, wadda ta yi ginin Hikma a Dandaji, masallaci da ɗakin karatu, ilimin kwamfuta ta fara karantawa kafin ta koma zanen gini, kuma da ƙasa take gini. Amma hasken sama a wurinmu sai da hattara. Rana na bisa kai, ƙaramar huda a rufi tana shigo da zafi fiye da taga mai girmanta a bango.

Mai_Sola_Tasha: Ku bar batun rana haka, ku zo dare, nan ne kuɗi yake. Ni a irin ajin nan dogayen fitilun LED huɗu nake sawa, masu wat 18, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi.

Injiniya_Zango: Malam, mu lissafa tare. Fitila mai wat 18 tana ba da wajen lumen 1800 in mai kyau ce, lumen kuwa shi ne ma'aunin hasken da fitila ke fitarwa. Huɗu 7200 ke nan. Ba duka ke isa tebur ba, a ce kashi 60 in bango fari ne. Ƙura da tsufa su ci nasu, a ce saura kashi 70 na wannan. Raba da murabba'in mita 63, za ka samu luks 48. Abin da aka saba nema a aji 300 ne. Don ka kai shi da irin wannan fitila sai guda 25, wat 450. Rashin ƙorafi ba ya nuna ya isa, mutanenmu suna da haƙuri ne, kuma wanda ya saba da tocila zai ga ajin ya haskaka.

Mai_Sola_Tasha: Wat 450 a aji ɗaya, azuzuwa uku, awa uku kowane dare? Injiniya, ka san kuɗin batirin da zai ɗauki wannan? Makarantar da iyayen yara ke haɗa mata jika-jika? In na kai musu wannan lissafin za su ce a bar karatun daren gaba ɗaya.

Malama_Lissafi: Ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma nan ne lissafin da na faɗa ɗazu ya fi aiki. Ba dole a haska ajin duka daidai ba. Manya nawa ke zuwa da dare? In ba su cika ajin ba, a haska inda suke zama da allo. Ka sa wuraren da za a iya rataya fitila, a ce talatin, a tsayi biyu ko uku. Ka lissafa abin da kowanne ke bai wa kowane tebur sau ɗaya. Sai ka tambayi kwamfuta: wane haɗi ne mafi ƙarancin wat da zai sa kowane teburin da ake amfani da shi ya kai adadin da muka yarda? Solver na Excel ma yana warware irin wannan. Tun 1993 masu bincike a jami'ar Cornell suka nuna dabarar daga ƙarshe zuwa farko: mai zane ya shafa hasken da yake so a kan bangon samfurin, kwamfuta ta nemo ƙarfin kowace fitila. Sauko da fitila kusa da tebur kaɗai yana ƙara haske sosai, in dai ba ta shiga idon na baya ba.

Ɗan_Garin_Malam: Matsalar da nake samu a DIALux ita ce fayil ɗin fitila. Tana son fayil irin IES ko LDT, wanda ke nuna yadda fitilar ke watsa haske. Na manyan kamfanonin Turai suna nan, amma fitilar da za ka saya a kasuwa ba ta da shi, abin da aka rubuta a kwalinta ma wani lokaci bai kai ba.

Mai_Sola_Tasha: Wannan gaskiya ne. Na sha auna wadda aka rubuta wa 18 in ga abin da take ja bai kai ba.

Injiniya_Zango: Sayi ɗaya, rataya ta a ɗaki mai duhu, auna luks a ƙarƙashinta da gefe-gefe, ka nemi fayil ɗin da ya yi kama da ita ka rage masa lumen har lambobin su haɗu. Da na'urar awon haske ta gaske, ta waya tana kauce wa gaskiya da yawa. Da ita kuma za ka auna bango: juya ta ga bango daga ɗan nesa, sannan ka jingina ta da bangon tana kallon ɗaki, raba na farko da na biyu. Farin fenti sabo yana mayar da kashi 70 zuwa 80, jar ƙasa ba shafe ba ta fi kusan 30 ba.

Alhaji_Kwamiti: Salamu alaikum. Ina bin maganarku tun farko. Mu masallacin unguwa muke son faɗaɗawa. Shi ba ya juyuwa yadda mai zane ke so, alƙibla ce ke juya shi. Wannan lissafin zai yi mana?

Ƴar_Sabon_Gari: Zai yi, ranka ya daɗe. Alƙiblar Damagaram tana wajen digiri 71 daga arewa, wato gabas ta ɗan karkata arewa. Bangon baya ke nan yana fuskantar ranar la'asar, kuma nan ake yawan yanka manyan ƙofofi. Baranda mai zurfi a bayan ita ce farkon abin da za a gwada. Ku buɗe masa zance nasa daban, da awon filin.

Malamar_Aji_Karkada: Kafin ku koma masallaci: wa zai riƙa goge gilashin saman nan da kuka ce? In ya fi ƙarfin hannu ba mai taɓa shi har shekara ta zagayo.

Baba_Magini: Ƴata ta yi tambaya. Ni da za a bi tawa, bulo mai huda za a sa a saman, ba gilashi.

Malamar_Aji_Karkada: Baba, ta nan ƙurar za ta shigo kuma.

Mai_Zane_Birni: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Zan gwada biyun, gilashi mai ƙura da bulo mai huda, tagogin ƙasa a buɗe da kuma a rufe. Na sauke Radiance da fayil ɗin yanayi. Yaya Injiniya, gilashin da ya sha hazo kashi nawa zan ce yana wucewa da shi? Kuma wa ke da na'urar awon haske a gari da zai ara mini ranar Asabar? Malama, in an yarda a makarantarku, ina so in fara auna ajinki da hantsi kafin in taɓa nawa.